Ƙaura ko Cin Rani? Sauya wa Aiki Mazauni a Gungun Kwamfutoci

Gungun kwamfutoci tarin na'urori ne da aka haɗa da layukan sadarwa domin su yi aiki tamkar na'ura guda. A wannan maƙala an kira kowace na'ura daga cikinsu tasha. Sau da yawa wata tasha takan cika maƙil da ayyuka alhali maƙwabciyarta tana zaman banza. Wannan ne ya haifar da dabarar ɗauke aiki yana tsaka da gudana a mayar da shi wata tasha.

Ɗaukewar kanta ba ta da wuyar fahimta. Ana dakatar da aikin, a kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarsa tare da bayanin inda ya tsaya, a aika, sannan ya ɗora daga nan. Inda gizo ke saƙar shi ne alaƙoƙin da aikin ya riga ya ƙulla a tasharsa ta asali: fayilolin da ya buɗe, layukan sadarwar da yake riƙe da su, da lambar da sauran ayyuka suka san shi da ita. Waɗannan ba sa naɗuwa kamar tabarma.

Manhajar MOSIX, wadda Amnon Barak ya jagoranci ƙirƙirarta a Jami'ar Hibru ta Birnin Ƙudus, ta magance matsalar da raba aikin gida biyu. Ɓangaren lissafi shi ke tafiya, wani ɓangare kuma ya zauna a gida a matsayin wakili. Duk buƙatar da ta shafi tashar asali sai an mayar wa wakilin ya biya ta. Saboda haka aikin da yawancinsa lissafi ne yakan ci ribar tafiyar, amma mai yawan karanta fayil yakan ƙare lokacinsa wajen aike da jiran amsa. Mafi muni, idan tashar asali ta mutu, aikin ya mutu, ko da yana lafiya lau a masaukinsa. An ci gaba da wannan tsari a reshen openMosix, daga 2002 zuwa 2008.

A nan akwai abin lura ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi. Wanda ya yi ƙaura ya kwashe nasa ya nasa, bai bar komai a baya ba. Aikin MOSIX kuwa ya fi kama da ɗan cin rani, wanda ƙarfinsa ke birni amma iyalinsa da rumbunsa suna gida. Kalmar “ƙaura” ta fi dacewa da ɗauke kwamfutar kwaikwayo ɗungurungum, da manhajar sarrafawarta da duk ayyukan da ke cikinta, kamar yadda aka nuna da manhajar Xen a 2005.