Larurar da Ke Ɓoye a Bayan Shaye-shaye da Ciwon Damuwa a Nima

A unguwannin Nima da Maamobi na Accra, idan aka kai matashi asibiti kan matsalar ƙwaƙwalwa, abin da ya fito fili ne ke kai shi: tiramadol ta ci ƙarfinsa, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya shige ɗaki ya daina zuwa bes shan ataya. Sai a yi maganin abin da aka gani. Amma akwai tambayar da ta kamata a yi wa uwar da ta rako shi: yaya yake tun yana yaro? In ta ce bai taɓa iya zama wuri ɗaya a makarantar allo ba, a aike shi ya manta saƙon, ya sha bulala har ta daina yi masa tasiri, to mai yiwuwa tushen shi ne larurar ƙarancin natsuwa da likitoci ke kira ADHD. Ba kowa ne girma ke raba shi da ita ba. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe 20, wanda aka wallafa a 2017, ya same ta a kashi 2.8 cikin 100 na manya.

Ga babba kuwa, da wuya ta zo ita kaɗai. Binciken Ronald Kessler da abokan aikinsa a Amurka a 2006 ya gano kashi 47 cikin 100 na manyan da ke da ita suna fama da ciwon fargaba, kashi 38 da ciwon damuwa da danginsa, kashi 15 da shaye-shaye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya shekara ashirin ana ce masa malalaci mai kunnen ƙashi, ya bar koyon ɗinki rabi, ya bar kanikanci rabi, yana kallon ƙannensa suna wuce shi, dole zuciyarsa ta karaya. Ga shi larurar kanta tana raunana ikon dakatawa a yi tunani kafin aikatawa, don haka ƙwayar da abokinsa zai ƙi, shi sai ya karɓa. A 2018, lokacin da Ghana ta farga da annobar tiramadol, ana sayar da mai ƙarfin miligiram 225 alhali 50 da 100 hukuma ta amince da su.

Wani zai ce wannan lissafin Turawa ne, matsalar unguwannin zango irin su Nima talauci ce da rashin aiki da sakacin tarbiyya. Talaucin gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai bai bayyana dalilin da ya sa 'yan ɗaki ɗaya, tuwo ɗaya, malami ɗaya, ɗaya ya riƙe sana'a ɗayan ya kasa ba. Binciken tagwaye ya nuna gado ke da kusan kashi 74 cikin 100 na larurar, shi ya sa sau da yawa in an bincika sai a tarar uban ma haka yake. Kuma ba duk mai rawar kai ake liƙa wa sunan ba: sharaɗi ne alamomin su bayyana kafin shekara 12, su kuma addabi mutum a gida da waje.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na magani. Yaya za a ba mai shan ƙwaya maganin ADHD irin su methylphenidate, wanda shi ma ana iya sarrafa shi ta mummunar hanya? Tsoron yana kan hanya, shi ya sa likita kan fara da abin da ya fi haɗari, ya kuma sa ido. Amma nazarin bayanan marasa lafiya a Sweden a 2014 ya nuna waɗanda aka ba maganin ba su fi faɗawa shaye-shaye ba, sun ma fi tsira. A Ghana kuwa, Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012 ta nemi a kai kulawa cikin unguwanni, kada komai ya tsaya kan Asibitin Ƙwaƙwalwa na Accra da Pantang da Ankaful. Akwai kuma takardar tantancewa mai tambayoyi shida kacal ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ma'aikaciyar jinya a asibitin Maamobi za ta iya cikewa cikin 'yan mintuna kafin ta tura mutum wurin ƙwararre.