Kasafin Kuɗi da Albashi: Inda Majalisa da Gwamnati Suke Karo

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya raba ikon kashe dukiyar ƙasa gida biyu. Sashe na 81 ya ɗora wa shugaban ƙasa tsara kiyasin kuɗin shiga da na kashewa, sashe na 80 kuma ya hana a taɓa asusun gwamnati sai da amincewar Majalisar Tarayya. Mai tsarawa daban, mai amincewa daban, kuma daga wannan rabon ne taƙaddamar da ake gani kusan kowace shekara take tasowa.

Hanyar da kasafi yake bi sananniya ce. Shugaban ƙasa yakan je zaman haɗin gwiwa na majalisun biyu, ya karanta jawabi, ya ajiye kundin a gabansu. Daga nan sai zaman kare kasafi: minista ya zauna gaban kwamiti, babban sakatare da daraktoci a bayansa riƙe da fayiloli, ana tambayarsa me ya yi da kuɗin bara, me zai yi da na bana. Bayan kwamitocin kasafi sun tattara rahotanni, majalisun biyu su daidaita adadi, a mayar wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Idan aka makara, sashe na 82 ya ba gwamnati damar ci gaba da kashe kuɗi bisa ma'aunin bara har wata shida.

Abin da ake jayayya a kansa shi ne iyakar ikon majalisa. Ɓangaren zartarwa yana ganin aikinta ta duba, ta rage ko ta amince. 'Yan majalisa kuwa suna cewa su ba 'yan amshin shata ba ne, su suka san ƙauyen da ba rijiya da makarantar da rufinta ya yaye, don haka suna da hurumin ƙara ayyukan mazaɓu. A 2018, Shugaba Muhammadu Buhari bai sa hannu a kasafin naira tiriliyan 9.12 ba sai a watan Yuni, kusan rabin shekara ta wuce. Ya koka cewa majalisa ta zabtare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da gwamnati ta gabatar, ta shigar da nata 6,403 na naira biliyan 578.

Zargin cushe, ko aringizo, yakan fito ma daga cikin majalisar kanta. A 2016, Abdulmumin Jibrin, wanda ya shugabanci kwamitin kasafi na Majalisar Wakilai, ya zargi shugabannin majalisar da cusa ayyuka. Sun musanta, aka dakatar da shi na kwana 180 na zaman majalisa. A Maris 2024, Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya ce akwai naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, batun da ya kunno kai bayan hirarsa da sashen Hausa na BBC. Majalisar Dattawa ta ce kuɗin na hukumomin da ake ba kasonsu kai tsaye ne, ta dakatar da shi wata uku. A duka biyun, hukuncin mai zargi ya riga cikakken bayani isa ga jama'a, kuma wannan ya rage wa majalisa yardar mutane.

Albashi yana da tasa hanyar. Shi da biyan bashi suna cinye babban kaso na kasafi tun kafin a zo kan hanyoyi da asibitoci, kuma ba a iya rage su da alƙalami. Shi ya sa rigimar zauren majalisa ta fi karkata ga manyan ayyuka, ta albashi kuma ake yin ta a teburin sulhu da kan titi. Mafi ƙarancin albashi ya fara da naira 125 a 1981 zamanin Shehu Shagari, ya kai 18,000 a 2011, sannan 30,000 a 2019. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, tsadar rayuwa ta cinye wannan adadi. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka fara da neman 615,000, gwamnati ta taya 48,000. A ranar 3 ga Yunin 2024 aka shiga yajin aikin da ya kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya. A ƙarshe aka tsaya a kan 70,000, da sharaɗin sake dubawa duk shekara uku maimakon biyar. Majalisun biyu sun zartar da dokar a yini guda, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a ranar 29 ga Yuli. A watan ne kuma majalisa ta amince da ƙarin naira tiriliyan 6.2 a kasafin shekarar, wani ɓangare domin biyan sabon albashin.

Abin da ke ƙara wa ma'aikaci zafi shi ne kuɗin su 'yan majalisar. Hukumar rabon arzikin ƙasa ce ke yanka musu albashi, amma kuɗin gudanar da ofis daban yake. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanarwa, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 18,000. Da wuya a roƙi malamin firamare ya ƙara haƙuri alhali yana jin wannan lissafi a rediyo.

Matsala mafi girma tana zuwa bayan an sa hannu. Dokar albashi ta tarayya ce, amma yawancin ma'aikatan gwamnati jihohi da ƙananan hukumomi ne ke biyan su, kuma kowace jiha da nata kasafin da tata majalisar dokokin. Tun ana cikin ciniki, ƙungiyar gwamnoni ta ce ko 60,000 ya fi ƙarfin jihohi da dama. Wasu sun biya fiye da 70,000, wasu suka ja ƙafa na watanni. A Abuja kanta, malaman firamare na ƙananan hukumomin birnin sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan rashin biyan sabon albashin, azuzuwa a kulle, yara a gida. Bibiyar irin wannan, wato tabbatar da cewa kuɗin da aka amince da su an sake su kuma sun isa hannun masu su, aiki ne da sashe na 88 ya ba Majalisar Tarayya ikon yi, sashe na 128 kuma ya ba majalisun jihohi.