Jaki Ya Ɗauki Littafi, Bai Karanta Ba: Yadda Za Mu Karanta Ayoyi A Kan Luwaɗi

Wata ranar Talata, bayan an tashi daga makaranta, na tarar da wani ɗalibina zaune bayan aji, jini a goshinsa. Yaro ne ɗan shekara 13, daga wani ƙauyen masunta a ƙasar Ngaski. Ubansa ya rasu, shi ne ke taya uwarsa suyar kifi da talla. Muryarsa siririya ce, ba ya ƙwallo. Saboda wannan kaɗai abokansa suka laƙa masa suna ɗan Luɗu, har wani ya jefe shi da dutse. Da na kira wanda ya yi jifan, sai ya ce, "Malam, ai Littafi Mai Tsarki ya ce a kashe irinsu."

Yaron nan da ya yi jifa ɗan dattijon ikilisiya ne. Aya ɗaya ya ji, bai ji sauran ba. Domin haka na ga ya kamata mu iyaye da malamai mu zauna mu duba abin da aka rubuta, mu duba shi duka.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe tsohuwar Busa da tsibirai da yawa na Gungawa, aka tashi mutane fiye da 40,000. Har yanzu akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafkin. Matuƙin da ya san saman ruwa kaɗai, shi ke kifar da jirgi. Haka karatun Maganar Allah yake. Tilas mu san abin da ke gaban aya, da abin da ke bayanta, da wanda aka rubuta wa.

Saduma Da Baƙi

Kalmar luwaɗi daga Larabci ta zo mana, daga sunan Lutu, wanda 'yan'uwanmu Musulmi ke kira Annabi Luɗu. Abin mamaki, Lutu shi ne ya tsaya a bakin ƙofa yana kare baƙinsa. A Farawa sura 19, mazan gari ne suka kewaye gida da dare suna so su yi wa baƙi fyaɗe. Wasiƙar Yahuza aya 7 ta lissafta fasikanci cikin laifin Saduma. Amma a buɗe Ezekiyel 16:49 da 50. A can annabi ya fara da girmankai, da ƙoshi, da zaman jin daɗi ba tare da taimakon matalauta ba, kafin ya ambaci abin ƙyama.

Ashe, wanda ya ɓoye gero har ya yi tsada a kasuwar Yelwa, alhali gwauruwa tana kwana da yunwa, shi ma yana da rabo cikin laifin Saduma. Taron da ya kewaye gidan mutum da sanduna kuwa, da mazan Saduma ya yi kama, ba da Lutu ba.

Dokar Musa

Littafin Firistoci 18:22 ya hana namiji ya kwana da namiji, 20:13 kuma ya sa hukuncin kisa. Wannan ce ayar da mai jifan ya ji. Amma a sura ɗaya ɗin, aya 9 ta sa kisa ga wanda ya zagi iyayensa, aya 10 kuma ga mazinaci da mazinaciya. Wace ikilisiya ce ta taɓa jifan mazinaci a Shanga ko a Wara? Babu. Gama mun san abin da Ubangiji Yesu ya yi a Yahaya sura 8, sa'ad da aka kawo masa macen da aka kama. Bai kira zina abin kirki ba. Bai kuwa bari ko mutum ɗaya ya ɗaga dutse ba.

Tarkon Bulus

Romawa 1:26 da 27 ita ce magana mafi tsawo a kan wannan batu cikin Sabon Alkawari, ta kuwa haɗa maza da mata. Amma kada a rufe littafi nan. Daga aya 29 Bulus ya ci gaba da lissafi: kishi, gulma, fariya, rashin biyayya ga iyaye, rashin tausayi. Mai karatu yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka suke!" Sai ga 2:1 ta juyo kansa, ta ce mai yanke wa wani hukunci ba shi da hujja, domin shi ma mai laifi ne.

Mu tuna, Bulus bai raba wasiƙarsa sura sura ba. Wani bishop na Ingila, Stephen Langton, shi ya raba surori a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551. Wanda ya tsaya a ƙarshen sura 1 ya katse Manzo a tsakiyar magana.

Haka kuma 1 Korantiyawa 6:9 da 10. Jerin nan ya haɗa ɓarayi, da masu haɗama, da mashaya, da masu zage-zage. Aya 11 kuwa ta tuna wa Korantiyawa cewa waɗansunsu daga cikin jerin nan aka ɗauko su aka wanke.

Inda Masana Suka Rabu

Kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu cewa akwai gardama, gama za su ji ta a wayoyinsu. Kalmar Helenanci da Bulus ya yi amfani da ita a nan da kuma 1 Timoti 1:10 ita ce arsenokoitai, watau "namiji" da "shimfiɗa" a haɗe. Masana da yawa sun ce daga Littafin Firistoci ya ɗauko ta, yana nufin dukan kwanan namiji da namiji. Waɗansu kuwa, musamman a Amurka da Turai, sun ce yana nufin cin zalin yara da bayi da karuwanci irin na zamanin Romawa.

Gardamar nan ta raba ikilisiyoyi. A taron Lambeth na 1998, bishop-bishop na Angilika 526 suka amince, 70 suka ƙi, cewa aikin nan bai dace da Littafi Mai Tsarki ba. Amma matsayar nan ɗaya ta ce a saurari waɗannan mutane, a yi kiwonsu, a kuma bar tsoro na rashin hankali. Da aka naɗa Gene Robinson bishop a Amurka a 2003, Akbishop Peter Akinola na Nijeriya yana cikin manyan waɗanda suka ƙi. A 2024 rabuwa ta shiga tsakanin Metodis na Taraba, har aka zub da jini.

Ikilisiyoyinmu na ƙasar Yawuri suna koyar da cewa aure na mace ne da namiji, bisa ga Farawa sura 2 da Matiyu sura 19. Ni ma abin da nake koyarwa ke nan. Dokar ƙasa ta Janairu 2014 ta sa ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi ɗaya. Amma ba doka ko aya da ta ba taron titi ikon hukunci. A watan nan ɗaya, a Bauci, mutane suka yi ta jifan kotu suna neman a ba su waɗanda ake tuhuma. Mu da muka ga an kawo gawar Deborah Samuel Tungan Magajiya a Mayu 2022, bayan taro ya jefe ta a Sakkwato, mun san ɗacin dutsen taro. Yaya za mu koya wa 'ya'yanmu ɗaukarsa?

Ga Iyaye Da Malamai

Na fari, a karanta sura duka a sujadar iyali, ba aya ɗaya ba. Na biyu, a hana laƙabi. Siririyar murya ko aikin murhu ba shaida ba ce a kan kowa, shaidar zur kuwa tana cikin Dokoki Goma. Na uku, in ɗanki ko 'yarka ta zo da nauyin zuciya a kan wannan abu, kada a kai maganar dandali, kada a kore ta daga gida. A saurara tukuna, a yi addu'a tare, a nemi fasto mai riƙe asiri. In kuwa babba ne ya taɓa yaro, wannan zalunci ne, a kai ƙara ga hukuma, yaron ba shi da laifi.

Na sa mai jifan ya karanta Romawa daga 1:26 har 2:4 da ƙarfi. Da ya kai kan rashin tausayi, sai muryarsa ta yi ƙasa. Washegari ubansa ya kai shi gidan gwauruwar nan da kansa. Ɗalibina ya koma aji, amma tabon yana goshinsa har yau.

Ubangiji ya ba mu gaskiya da tausayi tare. Amin.