Injin iska mai yoyo: a canza roba, kada a ɗaure da tsumma

Ƴan'uwa manoma, ran Lahadi ku dubi amalanken da ke shigowa kasuwar Tawa da gero da kara da albasa. Kowace amalanke bisa taya take tafiya, taya kuma sai da iskar injin mai faci.

A wani rangadi na cibiyoyin yaƙi da jahilci wajen Barmu, tayar babur ɗinmu ta sace. Muka tsaya wurin wani mai faci. Injinsa na ta huci kamar kumurci. Ya naɗe bakin tiyo da tsumma. Supap ma, wato ƴar ƙofar da ke sakin iska in ta yi yawa, ya ɗaure ta da waya, wai don kada iska ta gudu. Ga yara zaune gindin tankin. Hankalinmu ya tashi ƙwarai.

Iskar da ke cikin irin wannan tanki takan kai kilo 8 zuwa 10. Ma'ana, kowane ɗan wuri mai faɗin farce yana ɗauke da nauyin kilo 8 ko fiye. Tayar babur kuwa wajen kilo 2 ke isarta. Tankin da aka ɗaure wa supap yana iya fashewa, ƙarfensa ya kashe mutum.

Abin da ke riƙe iska a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe shi ne zoben roba, wanda makanikai ke kira juwan. A Adar ba ya daɗewa. Zafin bazara na busar da shi har ya tsage. Ƙurar hunturu kuma, in matatar iska ta lalace, tana shiga ta cinye zobban fistan. Sai inji ya yi ta aiki, ya sha mai, tanki bai cika ba.

Neman wurin yoyo ba wuya. A dama sabulu da ruwa, a shafa a kowace mahaɗa. Inda kumfa ya tashi, nan ne.

Kafin a taɓa sifana, a kashe inji. A saki iska duka, har allurar agogo ta koma sifili. Mun nanata wannan domin noti da aka kwance da iska a bayansa fita yake kamar harsashi. Sannan a cire tsohuwar roba da tsinke, kada a karce mazauninta da wuƙa. A goge wurin da tsumma mai tsabta. A tafi da tsohuwar wurin masu kayan mota, a sayo daidai awonta. Wadda aka yanko daga tsohon tib ba ta jure zafi da mai. A shafa wa sabuwar ɗan man injin, a zaunar da ita ba murɗiya, a ɗaure noti sannu sannu. In an tada inji, a sake gwadawa da sabulu.

Akwai ɗan famfo ƙarƙashin tanki. A buɗe shi kowane marece, musamman da damina, ruwan da ya taru ya fita, don shi ke cin ƙarfe ta ciki. Tankin da tsatsa ta huda ba a yi masa walda, sai a canza shi.

Mai facin nan ya kwance wayar a gabanmu. Robar kuwa, ya ce sai ran kasuwa, in ya shiga Tawa.