Daga Dutsen Mesa zuwa tabarmar kaka: me ya sa ba ma ƙoshi da labari?

A hutun da ya wuce mu biyar muka je Dutsen Mesa a Birnin Kudu, domin mu ga zanen shanun nan da mutanen dā suka bari a jikin dutse. Tun a shekarun 1950 masana irin su Bernard Fagg suka yi rubutu a kan wannan zane da duwatsun wurin masu amo kamar ganga, kuma yanzu Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ke kula da su. Ba mu yi minti biyar a tsaye ba sai gardama ta kaure. Wani ya ce makiyayi ne ya zana garkensa da annoba ta cinye, wata ta ce ai shanun sadaki ne. Ba wanda ya ce mu ƙirƙiri labari, amma kowa ya ƙirƙiro nasa.

Ashe ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A 1944 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa ɗalibai wani gajeren fim. Babu mutum a ciki, babu magana, siffofi uku ne kawai suke motsi, biyu masu kusurwa uku da ɗaya mai da'ira. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, kusan dukansu labari suka bayar: ga azzalumi, ga wanda ake zalunta, ga wadda ake faɗa a kanta. Ma'ana, ƙwaƙwalwarmu ba ta son abu a warwatse. Sai ta nemo wanda ya yi, da dalilinsa, da yadda aka ƙare.

Shi ya sa duk inda ka je duniya za ka tarar da tatsuniya. Mu muna da Gizo da Ƙoƙi, mutanen Akan na Ghana suna da Ananse, shi ma gizo ne mai wayo, har bayin da aka kwashe suka tafi da shi Jamaika. Alhaji Abubakar Imam ma ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa, suka zauna daram.

Ko lokacin ba da labari ma kusan ɗaya ne. Da muna yara ana tsorata mu cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Wata masaniya, Polly Wiessner, ta wallafa bincike a 2014 kan mafarautan hamadar Kalahari a kudancin Afirka. Ta gano labarai kashi 6 cikin 100 ne kawai na hirarsu ta rana, amma da dare a bakin wuta sun kai kashi 81. Rana ta nema ce, dare kuwa na sanin halin mutane.

Mun ga zahirin haka kwana biyu bayan ziyararmu, a wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Gwaram, gidan kakar ɗaya daga cikinmu. Bayan sallar isha'i muka roƙe ta tatsuniya. Ta yi dariya ta ce: "Ku 'yan nan, da girmanku? Rabon da a tambaye ni har na manta." Amma da ta ce ga ta nan ga ta nanku, muka amsa, sai yaran gidan suka ajiye wayar da suke kallo, suka matso tabarma. A tsakiyar tatsuniya ta biyu ta tsaya cak. Waƙar ciki ta kwance mata, kuma ƙawarta da suke yin ta tare ta rasu.

Nan jikinmu ya yi sanyi. Ƙishirwar labari ba ta bar mu ba, ita ce ke hana mu barci a kan fina-finan Kannywood da TikTok. Abin da ke salwanta shi ne labaranmu na gida, da bakin da ke faɗarsu. Masu zanen Birnin Kudu sun bar mana shanu, amma labarin ya bi su kabari. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi a littafi tun 1911, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ma ya yi nasa, sai dai kowane gari da irin tasa.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai, wayar da ke hannunku tana naɗar murya. Idan an ba da hutu, ku nemi izinin kaka ko gwaggo, ku naɗi tatsuniya ko da uku ce, ku rubuta sunan gari da ranar. Mu mun dawo da huɗu da rabi, kuma har yanzu muna cigiyar rabin da ya ɓata.