Uwargida, Kada Ki Raina Ɗigon Famfo

Yau zancenmu a kan ruwan gida ne, watau famfo da bututu da makwarara. Na san wata za ta ce wannan ai aikin maza ne. To, amma ki duba. Maigida ya fita tun da sassafe, ba ya komowa sai almuru. Wa ke wuni da famfon nan? Wa ke wanke-wanke a gindinsa? Ke ce. Saboda haka ke ce za ki fara ganin ɓarna tun tana ƙarama, kuma a hannunki ya ke ko a tare ta da 'yan kuɗi kaɗan, ko a bar ta ta ci gida.

Bara na je barka gidan wata ƙawata, na ga gindin katangar banɗakinta ya yi danshi, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Na yi mata magana, ta ce ai ya daɗe haka, ba kome. Ashe bututu ne ya tsage a cikin ƙasa, yana jiƙa tushen ginin dare da rana. Da damina ta yi tsakiya sai katangar ta zube da asuba. Allah ya kiyaye ba yaro a wurin. Abin da aka kashe wajen tā da ita ya ninka kuɗin gyaran bututun sau da yawa.

Abu na fari da ya kamata kowace mace ta sani shi ne inda makullin ruwan gidanta ya ke. Kowane gida mai famfo yana da shi. Ya kan kasance a inda babban bututu ya shigo gida, ko kuwa a ƙarƙashin tanki. Yau ɗin nan, in maigida ya dawo, ki ce ya nuna miki, ki murɗa da hannunki ki ga yadda ya ke rufewa. Ki nuna wa abokiyar zamanki da manyan 'ya'yanki. Ran da bututu ya fashe, ba kururuwa za ki tsaya yi ba, makullin nan za ki nufa, sa'an nan ki aika a kira mai gyara.

Sai famfo mai ɗiga. Mu kan raina shi, mu ce ɗigo ne kawai. Hausawa kuwa sun ce da yayyafi kogi kan cika. In famfo yana ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, ɗigo 86,400 ke nan tsakanin yau da gobe war haka, watau kimanin jarka guda irin ta 'yan garuwa. In kina shakka, ki tara bokiti a ƙarƙashinsa kafin ki kwanta, ki duba da safe. Sa'an nan ki lissafa abin da ki ke biyan mai ruwa a kan jarka ɗaya, ki ninka sau 30.

Abin da ke sa ɗigon nan galibi wata 'yar roba ce mai kamar anini a cikin kan famfon, wadda masu gyara ke kira washa. Ita ke toshe hanyar ruwa in an rufe. Yau da gobe ta kan cinye. Mu ne kuma ke gaggauta mutuwarta, don in mun ga ɗigo sai mu ƙara murɗe famfon da ƙarfi, har wata ta sa tsumma ta ɗaure. Gyaran ba wuya. A rufe makullin ruwa, a buɗe famfon sauran ruwan ya tsiyaye, a kwance kansa da sifana, a cire tsohuwar robar, a kai ta kasuwa a sayo daidai girmanta, a mayar. In famfon irin na yanzu ne, wanda a ke juya hannunsa kaɗan ya buɗe, shi ba ya da wannan roba, cikinsa a ke sakewa gaba ɗaya. In kuwa ta wajen mahaɗar famfo da bututu ruwan ke tsattsafowa, akwai wani farin zare mai laushi da a ke naɗa wa bakin kafin a ɗaura.

Yanzu mu koma kan makwarara, nan ne laifinmu ya fi yawa. Ba abin da ke toshe ta kamar mai. Man ja da kitsen miya suna shiga da ɗumi kamar ruwa, amma da sun huce sai su daskare a jikin bututu. Ƙanzo da tsakin shinkafa da gashin da muka taje su zo su manne a kai. Ga kuma toka da yashin da mu ke dirje tukunya da su, su nauyi gare su, kwanciya su ke yi a ƙasan bututu. Maganin wannan shi ne ki kankare kwanukanki a mazubin shara kafin ki sa musu ruwa, ki kafa 'yar raga a bakin makwarara, ruwan toka kuma ki zubar da shi can gefe a ƙasa. Sau ɗaya a mako ki kwarara ruwan zafi da sabulu. Amma kada ya zama tafasasshe in bututunki na roba ne, don yana iya sassauta mahaɗarsa.

Mai wurin wanke-wanke irin na zamani, ta leƙa ƙarƙashinsa za ta ga bututun ya lanƙwasa kamar gwiwa. Da gangan aka yi shi haka, don ruwa kaɗan ya riƙa kwanciya a ciki ya tare wari daga komowa ɗaki. A nan ne datti ya fi taruwa. Ki ajiye bokiti a ƙasa, ki kwance shi da hannu, ki wanke, ki mayar. Ina jan kunnenki game da magungunan buɗe bututu masu ƙarfi, irin su soda. Suna ƙona fata, suna makantarwa. Kada ki kuskura ki gauraya ruwan bilic da wani maganin wanke masai, iskar da ke tashi daga ciki guba ce. Ki kuma ajiye su inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Masai na ruwa shi ma yana da tasa ɓarnar a ɓoye. Ki ɗiga bula ta wanki kaɗan a cikin ɗan tankinsa, ki bar shi kamar rabin sa'a ba wanda ya ja. In kin ga shuɗi ya sauko cikin masan, to, robar ciki ta mutu, ruwa na zurarewa. Kada kuma a jefa masa tsumma ko leda ko audugar mata ko ƙunzugun jarirai. In ramin da ƙazanta ke taruwa ya cika, a kira masu kwasa. Kada a bar kowa ya shiga ciki, iskarsa na kashe mutum nan take.

To, ga babbar magana, wadda saboda ita na ɗauko zancen nan. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa zuwa birni, sauran garuruwanmu suka biyo baya. Garuruwa sun yi ta faɗi, ƙananan bututu sun yi ta shiga lunguna, da yawa a cikinsu kuwa ta cikin kwata suka ratsa. Muddin akwai ruwa a bututu, ƙarfinsa waje ya ke turawa. Amma da an ɗauke ruwa, bututun ya zama wayam, in akwai tsaga ko da ta kai tsinin allura ce, sai ruwan kwata ya sami hanyar shiga. Ran da aka kawo ruwa, shi zai fara isowa randarki. Ta haka ciwon amai da gudawa da zazzaɓin taifot kan shiga gida mai tsabta, a rasa ta inda suka ɓullo. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, mafi yawansu a jihohinmu na Arewa. Ba duka ne ta famfo suka kamu ba, amma gurɓataccen ruwa shi ne babbar hanyarta.

Saboda haka ki aiki yaro ya bi bututun gidanku daga ƙofa har inda ya haɗu da babba. In ya kwanta cikin kwata, ki matsa wa maigida a ɗaga shi sama. Ruwan da ya fara zuwa bayan an ɗauke, ki bar shi ya zuba a bokiti, ki yi shara ko ban ruwan shuka da shi. Na sha kuwa, musamman na yara, a tafasa. Tanki ya zauna a rufe don ƙura da sauro, a kuma riƙa wanke shi a kalla sau biyu a shekara. In za a haƙa rijiya ko burtsatse, masana lafiya sun fi son a nisanta ta da masai kamar mita 30.

Ban ce ki zama mai gyaran famfo ba. Bututun da ke cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa, da duk abin da ya haɗa ruwa da wutar lantarki, ki bar wa masu sana'ar. Naki shi ne ido da kunne. Ki ware rana guda a wata, ki zaga gidanki, ki taɓa gindin bango, ki saurari famfo da dare sa'ad da gida ya yi tsit. Abin da kika gani ki faɗa wa maigida bayan ya ci abinci ya huta, kada kuma ki gaji da tuni har a gyara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.