Gargaɗi ga Masu Hawa: Kada Ku Hau Sama da Gwiwar Hannu Mai Ciwo

Wannan kira ne ga duk wanda abincinsa ke sama: masu hawan dabino a Dutse da Agadas, makiyayan da ke hawan gawo da rani su sassabo wa dabbobi ganye, masu ɗora amya, masu gyaran wayar lantarki, masu hawan ƙarfen sabis, har da samarin da suka mai da hawan dutse wasan motsa jiki. Ɗan'uwa, in gwiwar hannunka ta taɓa karyewa, ko ta goce, ko ta yi targaɗe, yanzu kuma tana maka zogi duk sa'ad da ka damƙi reshe ka ja jikinka sama, to ka sauko. Kada ka jira sai an gama aikin.

Ƙarfin damƙarka ba a yatsu yake ba. Yana cikin tsokar da ke tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Lanƙwasa hannunka ka taɓa ɗan tudun ƙashin nan da ke gefen gwiwar, ta ɓangaren haƙarƙari. A nan jijiyar da ke riƙe wannan tsoka take manne, kuma wani ɓangare na nauyin da ka rataya a yatsunka nan yake sauka. In aiki ya yi mata yawa sai ta fara lalacewa zare-zare, kamar igiyar guga a bakin rijiya. Abin tsoron shi ne hannu mai ciwo yana sakin abin da ya riƙe ba tare da ya yi shawara da mai shi ba. A ƙasa, buta ce za ta suɓuce maka. A ƙololuwar dabino kuwa, kai ne za ka suɓuce.

Mai tsohon rauni ya fi kowa shiga haɗari. Da yawanmu sun karye a gwiwar hannu tun suna yara, aka kai su wajen mai ɗori, hannu ya warke a karkace, aka ce ai an gode Allah. A bayan tudun ƙashin nan akwai wata jijiya ta daban mai kai saƙo zuwa yatsu, wadda in ka buge ta za ka ji zirr har ƙaramin yatsa. Ƙashin da ya haɗe a karkace yana iya yi ta jan wannan jijiya a hankali, sai bayan shekara 10 ko 20 mutum ya ji ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi sun sage. Daga nan naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya fara ramewa, wurin ya yi rami. Mutane sai su ce sanyi ne, a je wajen wanzami a yi ƙaho ko tsaga. Wallahi wannan ba sanyi ba ne, kuma in aka yi jinkiri har naman ya rame, ko an yi tiyata ba lallai ƙarfin ya dawo duka ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin da ake karɓa a kemis da sassafe don a iya hawa. Ibuprofen da diclofenac suna danne zogin, jijiyar kuma tana ci gaba da lalacewa, ga gyambon ciki da ciwon ƙoda ga mai shan su kullum. Tramadol ya fi muni, don yana sa jiri da gyangyaɗi, yana ma iya jawo farfaɗiya, kai kuma kana saman turken wuta. Allurar kashe kumburi da ake yi a gaɓa ma a yi hattara da ita. A wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka buga a 2013, kan masu ciwon gefen waje na gwiwar hannu, ciwon ya dawo wa kashi 54 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar, alhali kashi 12 kaɗai ya dawo wa cikin waɗanda aka yi wa ta ruwan gishiri.

Ka tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba in yatsunka sun sage, ko gwiwar tana ƙagewa ta ƙi miƙewa, ko kana jin kamar za ta goce, ko ta kumbura ta yi ja da zafi har da zazzaɓi. Haka nan in ka ji ƙas a gaban gwiwar yayin jan jiki, wurin ya yi taruwar jini, ƙwanjin ya tattare sama. Wannan alamar tsinkewar jijiyar ƙwanji ce, kuma ɗinkinta ya fi kyau cikin mako 2 zuwa 3 na farko. A nemi hoton ƙashi, a kuma faɗa wa likita labarin tsohuwar karayar. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano da asibitocin koyarwa duk suna da likitocin ƙashi da sashen gashin ƙashi.

In likita ya tabbatar gajiyar jijiyar da ke riƙe tsoka ce kawai, tana warkewa, amma sai da haƙurin watanni. Ka dakatar da hawa, sai dai kada ka ɗaure hannun ka ajiye shi, don gwiwar hannu tana saurin sandarewa. Ɗora hannun a kan tebur, tafin yana kallon sama, ka riƙe ƙaramar gorar ruwa. Ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗaya hannun, sannan ka sauke shi sannu a hankali shi kaɗai, kamar sau 10 zuwa 15, kana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan bayan makonni. In zogin ya ƙaru washegari, ka rage.

Ku kuma iyayen gida da masu gonaki, yaron da ya ce muku hannunsa na ciwo ba ragwanci yake yi ba. Ku ba shi aikin ƙasa har ya warke. Ranar da zai koma hawa, a fara da gajeriyar bishiya, da igiya ko bel a ƙugunsa, da wani tsaye a ƙasa yana kallonsa.